Wasiƙa zuwa ga Babana, kan likitan nan mai ido ɗaya

Babana,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya amaryata da rigimarta? Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Na saurari saƙon muryar da ka turo a WhatsApp, inda kake cewa binciken ciwon daji da kake so ka yi ba zai yiwu a nan ba, babu injina, babu kuɗi, in ba waje mutum ya fita ba ɓata lokaci ne kawai. Ban ce ƙarya kake ba. Amma ni da na yi aikin nas har na yi ritaya akwai wani mutum da nake so ka san shi sosai kafin ka yanke shawara, sunansa kam ka sani tunda ka haddace shi don jarrabawa, rayuwarsa ce nake zaton ba ka bi ba. Denis Burkitt.

An haife shi a 1911 a Enniskillen, can Ireland. Yana ɗan shekara 11 ya rasa idonsa na dama a wani hatsari, kuma da ido ɗayan nan ya zama likitan tiyata, ka ji fa. A 1946 ya tafi Uganda, daga baya ya zauna a asibitin Mulago da ke Kampala, aikinsa yanka da ɗinki ne daga safe har dare irin naka, ba shi da wani ɗakin gwaje-gwaje na kansa. A 1957 abokin aikinsa Hugh Trowell ya kira shi ya duba wani yaro da muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, ba a daɗe ba ya sake ganin wani yaron da irin wannan kumburin, shi kuma har da ƙari a ciki. To likitoci nawa suka ga irin yaran nan kafin shi? Ni kaina na gansu a ɗakin yara, fuska ta karkace, haƙora suna girgiɗi, ido ya turo, iyaye sun gama yawon masu magani ana cewa iska ce ko sammu, kuma ciwo ne mai saurin tsiya, cikin kwana ɗaya ko biyu ƙarin yana iya ninka kansa. Mu dai mu ba da magani mu rubuta a kati mu wuce gado na gaba. Shi sai ya koma ya tono tsofaffin fayilolin asibiti, ya gane ashe cuta ɗaya ce, wani nau'in ciwon daji da yanzu ake kira da sunansa, take fitowa a wurare daban-daban a jiki, ya buga rahotonsa a 1958, kusan babu wanda ya kula.

Abin da ya yi bayan nan shi ne ya fi burge ni. Ya buga takardu da hoton yaran ya aika asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin Afirka yana tambaya, kuna ganin wannan a wajenku? Duk amsar da ta zo sai ya sa mata alama a taswira. A 1961 shi da abokansa likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga wata tsohuwar mota Ford suka yi tafiyar kusan mil 10,000 a gabashi da kudancin Afirka, asibiti sama da 50, tambaya ɗaya suke yi. Sai ga shi cutar tana bin wuraren zafi da ruwan sama, in an hau tsaunuka masu sanyi sai ta ɓace, a nan Najeriya ma ta fi yawa a kudu ta ragu a arewa mai bushewa. Wato inda sauro yake da ƙarfi, daga nan aka fara danganta ta da maleriya. A shekarar 1961 ɗin dai ya yi lacca a asibitin Middlesex a Landan, wani mai bincike Anthony Epstein yana zaune a ciki, ya roƙe shi ya riƙa aiko masa da samfurin ƙarin daga Kampala ta jirgi, a 1964 Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar bairas a ciki, ita ce ta farko da aka danganta da kansar ɗan Adam. Injin yana Landan, gaskiya ne, amma mai injin bai san inda zai duba ba sai da mai ganin marasa lafiya ya nuna masa. Kuma kar ka ce abin na Turawa ne kaɗai, lambar Lasker, babbar lambar yabo ta binciken likitanci, da aka ba shi a 1972 har da Farfesa Victor Anomah Ngu ɗan Kamaru a cikin waɗanda suka samu, shi kuwa a Ibadan ya yi aikinsa kan maganin wannan cutar.

Sai magana ta biyu, wadda Ummanku ta matsa in yi maka. Burkitt ya auri Olive a 1943, ita ma nas ce, 'ya'yansu mata uku, a Uganda suka yi zamansu tare har suka koma Ingila a 1966, kuma suna tare har ya rasu a 1993. Mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, bai ɗauki gida a matsayin wurin da ake zuwa a canza riga ba. Kai kuma ance mana in ka dawo daga aikin kwana waya ce a hannunka kana neman gurbin karatu har barci ya kwashe ka, yarinya ta fara ƙiwa in ka ɗauke ta. Maman Amarya ba ta kawo ƙararka ba, kar ka je ka tuhume ta, Ummanku ce ta gani da idonta da ta zo. Haƙurin matarka ba lasisi ba ne.

Baban Burkitt ma, wai don ka sani, injiniyan hanya ne da yake sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa yana bin inda kowanne yake zama. Ni ban koya maka bin tsuntsu ba, amma na koya maka rubuta abu a littafi.

In fitar ce alheri Allah ya tabbatar, ba zan hana ka ba, amma in za ka tafi da iyalinka za ka tafi. Kafin nan ka sayi babban rajista, duk mai ciwon daji da ya zo hannunka ka rubuta garinsu, shekarunsa, sana'arsa, wata nawa ya yi a gida kafin ya zo, wa ya fara gani, me ya hana shi dawowa shan magani. Ka nemi izinin shugabanninka da yardar marasa lafiyar tukuna. In ka zo hutun Sallah ka taho da shi in gani.

Ummanku za ta ba direba kuka da daddawa ranar Asabar, ka tura wani tasha ya karɓa. Ka gaida Maman Amarya, ka ce wa amaryata angonta yana nan yana jiranta. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.