Rahoton Ayyukan Shekara: Aikin Gano Nau'in Tsila

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, fuskokin da ke zuwa su ne dai ke zuwa.

Abin alfaharinmu bana shi ne horon rarrabe nau'in tsila. Ɗakin ya cika maƙil, har wasu suka tsaya a bakin ƙofa. Kowa ya leƙa madubin gwaji ya ga cewa ƙwan Taenia solium (tsilar naman alade) da na Taenia saginata (tsilar naman shanu) kamarsu ɗaya, ido ba ya raba su. Sai da aka matse gaɓar tsutsar tsakanin gilasai biyu aka ƙirga rassan mahaifarta: solium 7 zuwa 13 a kowane gefe, saginata ta fi haka yawa. Da aka haska kan solium da zoben ƙugiyoyinsa, wata ƙaramar ma'aikaciya ta ce, "Ashe wannan ce mai kai mutum ga farfaɗiya!" Ita ce kuwa. Ƙwanta ke zama ƙullutu a ƙwaƙwalwa, saginata ba ta yin haka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora mata kusan kashi 30 cikin ɗari na farfaɗiya a inda ta yi katutu. Da yamma aka koma kan Echinococcus, wata tsila mai zagaye tsakanin kare da tumaki, mai haddasa jakar ruwa a hanta ko huhu.

Masu tambayar ina aka kwana kan gwajin DNA, ga amsa. Nau'o'in Echinococcus, daga G1 na tumaki zuwa G6 na raƙuma, ba a tantance su sai da gwajin DNA da ake kira PCR, kuma sinadaransa ba kyauta ake bayarwa ba. Kuɗin ƙungiya da ake bin mambobi bai shigo ba, don haka gwajin ya tsaya. Ƙari a kan haka, yawancin samfuran da aka turo a cikin fomalin (wani ruwan adana samfur) suka zo, alhali mun sha faɗa cewa fomalin na lalata DNA, a zuba a etanol. Kwamiti ba zai ɗauki laifin wannan ba.

Na gaji da bin mutane kamar mai bin bashi. Akwai waɗanda ba a jin ɗuriyarsu sai ranar raba takardar shaida, kuma su ne kan gaba wajen ƙorafi. Sun san kansu.

Samfuran da suka tsira suna cikin firiza. Duk mai bashi ya ga ma'aji kafin taro na gaba, in ba haka ba a can za su sake shekara.

Sakatare