Anti, in nemi bashin karatu ba da sanin Baba ba?

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Allah ya ƙara basira.

Ni 'yar aji ɗaya ce a wata babbar jami'ar tarayya, kuma a gidanmu ni ce na fara taka jami'a. Zangon farko ya ba ni wuya. Lakcar kimistiri a babban zaure ake yin ta, wanda bai yi sammako ba sai dai ya tsaya bakin taga yana leƙen allo. Da sakamako ya fito na samu kariyoba a kwas ɗin, wato na faɗi sai na maimaita shi. Wata 'yar aji uku da muke ɗaki ɗaya ce ta ja ni zuwa tutoriyal ɗin da 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN suke yi kyauta, ta kuma raka ni wurin lebul kodineta, malamin da ke kula da ajinmu, ya duba mini kwasa-kwasan da zan yi rajista. Ta wannan ɓangaren alhamdu lillahi, na fara gane hanya.

Kuɗi ne damuwata. Baba manomi ne, riɗinsa ya sayar ya biya mini rajista da hostal, abin da ya rage ya ƙulle mini a leda. Wata na yin nisa sai garin kwaki da suga, ga kuɗin hoton takardu, ga data. Kunya ba ta barina in kira gida, don na san halin da ƙannena suke ciki.

Yawancin 'yan ɗakinmu suna karɓar bashin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance, da aka fara bayarwa a 2024. Makaranta ake tura wa kuɗin rajista kai tsaye, ɗalibi kuma a sa masa naira 20,000 duk wata a asusunsa. Babu kuɗin ruwa, kuma sai an yi shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya. Duk na zayyana wa Baba wannan da na je hutu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce shi ba zai aurar da 'yarsa da bashin gwamnati a wuyanta ba, in kuma ta Allah ta kasance, wa zai sauke mini? Inna ba ta ce komai a gabansa ba, sai da dare ta ce in lallaɓa in cike fom ɗin bashin.

Ƙawayena ma haka suke cewa: ba a neman mai tsaya wa mutum, lambar JAMB da NIN da BVN da shaidar makaranta ne, Baba ba zai taɓa ji ba. To amma in lokacin rajistar aji biyu ya zo na ce masa an biya, wa zan ce ya biya? Ban taɓa ɓoye masa abu irin wannan ba.

Akwai ofishin ba ɗalibai shawara a makarantar, sai dai duk wadda aka gani ta shiga, sai a fara raɗe-raɗin ko ta samu matsalar ƙwaƙwalwa ne. Shi ya sa har yau ban leƙa ba, ko da yake na san don irina aka buɗe shi.

Anti, in bi maganar Inna, ko in samu limamin garinmu ya yi wa Baba bayani? In ya sake cewa a'a fa? Don Allah a sakaya sunana.

Ƙanwarki, daga Jigawa.