Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi Na Indiya, Dharmendra Pradhan

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin firamare ne, kuma yaran aji ɗaya zuwa uku na ƙauyukan ƙasarku ne suka sa na ɗauki alƙalami.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa a 1835 Macaulay, wani jami'in Birtaniya, ya ba gwamnatin mulkin mallaka shawarar ta karkatar da kuɗin ilimi ga Turanci, a horar da 'yan tsiraru su zama tafintoci tsakanin Turawa da talakawa, wai daga baya ilimin zai gangaro ya iske na ƙasa. A daidai shekarun nan William Adam yana zagaya ƙauyukan Bengal da Bihar, yana ƙirga makarantun gargajiya na Hindu da na Musulmi, inda yara ke koyon karatu da lissafi. Ba a tallafe su ba, suka yi ta durƙushewa. A 1857 aka buɗe jami'o'i a Kalkata da Bombay da Madras, amma ƙudurin da ɗan kishin ƙasa Gokhale ya kai majalisa a 1911 na tilasta karatun firamare, watsi aka yi da shi. Da aka yi ƙidayar 1951, kusan mutum 18 cikin ɗari ne kawai ke iya karatu da rubutu.

Abin da ke damuna shi ne, Turawa sun tafi amma ɗabi'ar ta zauna. An kafa babbar cibiyar koyon fasaha ta IIT a Kharagpur a 1951, ta yaye injiniyoyin da duniya ke rububi, alhali makarantar ƙauye tana jira. Hukumar nazarin ilimi ta Kothari ta ce a 1966 a riƙa kashe kashi 6 cikin ɗari na arzikin ƙasa a kan ilimi. Manufar ilimi ta 2020, wadda kake aiwatarwa, ta sake maimaita wannan alƙawari, kuma har yau ba a cika shi ba.

Ban raina abin da aka yi ba. Abincin rana a makaranta, wanda babban ministan jiha Kamaraj ya faɗaɗa a jihar Madras tun shekarun 1950, da dokar 'yancin ilimi ta 2009, sun cika azuzuwa da yara. Sai dai rahoton ASER kan matakin karatun yara da ƙungiyar sa-kai ta Pratham ke fitarwa tun 2005 yana ta nanata abu guda: kusan rabin 'yan aji biyar a karkara ba sa iya karanta littafin aji biyu. Duk malami ya san irin wannan yaro. Yana zaune a bencin baya, yana kwafe abin da ke kan allo da kyakkyawan rubutu, bai san me ya rubuta ba, malami kuwa yana sauri ya kammala manhaja kafin jarrabawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Roƙona gare ka, a fara da malamai. Makarantu sama da dubu ɗari malami ɗaya ne ke riƙe da kowacce, ga aikin zaɓe da ƙidaya da ake ɗora masa. A cike guraben nan kafin a sake aza harsashin wata jami'a. A kuma ba malami damar ware awa ɗaya kullum ya raba yara bisa matakin karatunsu, ba bisa ajinsu ba, kamar yadda Pratham ta gwada a Uttar Pradesh da Bihar aka ga amfani.

Sai maganar harshe. Manufar 2020 ta yi daidai da ta ce a koyar da yaro da harshen uwa har aji biyar, amma wannan sai da littattafai da malaman da ke jin harsuna irin su Santali da Gondi. Kuma riƙe wa jihar Tamil Nadu sama da rupi biliyan 20 na shirin tallafa wa makarantu na Samagra Shiksha saboda saɓani kan tsarin koyar da harsuna uku a makaranta, yara da malamansu ya cutar. Tun 1976 ilimi haƙƙi ne na tarayya da jihohi tare. Ka saki kuɗin, sannan ku zauna ku sasanta.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani malamin firamare