Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministar Muhalli ta Birtaniya: Tef Ɗin Awo Ba Ya Hana Kare Cizo

Mai girma Minista Emma Reynolds, ranki ya daɗe.

Gaisuwa da fatan alheri. Na san teburinki cike yake da rigimar manoma da ta kamfanonin ruwa, don haka ba zan ja ki da nisa ba. Maganar karnuka ce ta kawo ni. Ba ke kika rubuta dokar haramta manyan karnukan nan na XL Bully ba, amma a hannunki take yanzu, kuma jam'iyyarku ta Labour ta goyi bayanta tun tana ɓangaren adawa.

Tun ranar 1 ga Fabrairu 2024 ya zama laifi mutum ya ajiye kare irin XL Bully a Ingila da Wales in ba shi da takardar izini. Aka nuna mana kamar an kashe wutar ke nan. Kwana biyu kacal bayan haka, karnuka biyu irin waɗannan suka kashe wata dattijuwa mai shekara 68 a Jaywick da ke Essex, ta je ganin jikanta. A cikin gida abin ya faru. Wani yaro ɗan shekara 10 da kare ya kashe a Caerphilly da ke Wales a 2021, shi ma a gidan su abokinsa ne. Takunkumi da igiyar da doka ta wajabta, a bainar jama'a ake sa su. Da an shiga gida an rufe ƙofa, sai abin da mai karen ya ga dama.

Kada a ɗauke ni cikin masu cewa duk kare kare ne. Ban yarda da wannan ba, kuma ina ganin masu faɗar haka suna ɓata hujjarsu da kansu. Dabbar da kan kai kilo 50 ko fiye, mai faɗin ƙirji da ƙarfin muƙamuƙi, wadda kakanninta don faɗa aka yi kiwonsu, in ta kama mutum ba ta barin sa yadda ɗan ƙaramin kare zai bar shi. Ƙaramin ya ciji yatsa a je a wanke a ɗaure. Babban in ya kama wuya, sai dai a kira 'yan sanda da bindiga. Iyayen da suka binne 'ya'yansu ba sa bukatar kowa ya yi musu lacca a kan halin kirkin karnuka.

Sai dai ƙarfin ɓarna daban, sanin wane kare ne zai yi ɓarnar daban, kuma a nan dokarku ta rikice. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da masana a Massachusetts ta Amurka suka yi a kan karnuka sama da 18,000, suka kuma duba ƙwayoyin halittar fiye da 2,000 daga ciki. Abin da suka samu shi ne irin kare yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Gaskiya ne yawancinsu karnukan gida ne da masu su suka kawo da kansu, ba na 'yan daba ba, amma ko an rage wa sakamakon ƙarfi, saƙon bai canja ba. Wani binciken da aka buga a 2013 ya bi diddigin mutum 256 da karnuka suka kashe a Amurka daga 2000 zuwa 2009. A kashi 87 cikin 100 na waɗannan mace-macen, babu wani babba mai ƙarfi a wurin da zai shiga tsakani. Galibin karnukan ba a dandaƙe su ba, da yawa kuma a ware ake ajiye su, ba su saba da mutane ba. Duk waɗannan aikin mutum ne, ranki ya daɗe.

To me ma'aikatarki ta ba jami'an 'yan sanda su yi aiki da shi? Tef ɗin awo. Namiji in tsayinsa a kafaɗa ya kai santimita 51, mace 48, sai a duba girman kai da faɗin ƙirji da kaurin wuya, in ya yi kama da abin da aka rubuta a takarda, ya zama haramtacce. Ba a tambayar ƙwayoyin halittarsa, ba a tambayar ko ya taɓa yi wa wani gurnani. Kare mai santimita 50 da aka yi shekara uku ana dukansa a ɗaure a bayan gida, wannan lafiyarsa lau a idon jerin sunayenku. Mai santimita 52 da yake kwana a ƙafar tsohuwa, shi ne abin tsoro. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne an taɓa bin wannan hanyar, an kuma ga inda ta ƙare. A 1991 Kenneth Baker, yana ministan cikin gida, ya garzaya majalisa da dokar karnuka masu haɗari bayan wani kare ya yi wa wata yarinya 'yar shekara 6 kaca-kaca a Bradford. Aka haramta iri huɗu: Pit Bull Terrier, Tosa na Japan, Dogo Argentino da Fila Brasileiro. Aka ce za su ƙare da kansu tunda an hana su haihuwa. Shekara talatin bayan nan, ga XL Bully ya cika gari, kuma kowa ya san jinin Pit Bull ne a jikinsa, an gauraya shi da wasu aka ƙara masa girma aka sake masa suna. Masu kiwo sun fi majalisa sauri. Kafin ku gama rubuta siffar kare ɗaya sun haɗa wani, ga shi har jaridu sun fara ambaton Cane Corso, wani ƙaton kare ɗan asalin Italiya, a matsayin wanda masu son kare na nuna isa suke komawa gare shi. Shi ma za a auna shi? Sai na bayansa?

Kuma ba a rasa masu faɗa muku gaskiya ba. A 2018 kwamitin majalisar wakilai mai sa ido a kan ma'aikatarki, ƙarƙashin Neil Parish, ya ce yawan waɗanda ake kwantarwa a asibiti saboda cizon kare ya ƙaru da kashi 81 cikin 100 tun 2005, ya nemi a sake duba dokar daga tushe. Ma'aikatar ta ɗauki kuɗin masu biyan haraji ta ba Jami'ar Middlesex aikin bincike. Rahoton ya fito a Disamba 2021, ya ce bayanan da ake tarawa a kan cizon kare ba su da inganci, ya sa shakku a kan ɗora laifi ga irin kare, ya nuna yatsa ga halin masu karnuka da rashin aiwatar da doka bai ɗaya. Aka yi godiya, aka kafa kwamiti. Da hoton bidiyon harin da aka kai wa wata yarinya a Birmingham ya karaɗe intanet a Satumba 2023, cikin 'yan kwanaki Firaministan lokacin, Rishi Sunak, ya fito ya sanar da haramci. Rahoton da aka biya kuɗi aka yi, ko ƙurarsa ba a kaɗe ba. In dai bidiyo ne ke rubuta doka a ƙasar nan, a daina wahalar da malaman jami'a.

Ga wani abin kunyar. Lokacin da za a yi haramcin, ƙiyasin gwamnati shi ne akwai XL Bully wajen 10,000. Da aka buɗe rajista, kowa ya biya fam 92.40, sama da 55,000 aka rubuta. Waɗannan su ne masu bin doka, waɗanda suka sayi inshora suka kai karnukansu aka dandaƙe. Wanda ya sayi kare don ya tsorata unguwa, kina ganin ya zauna ya cika fom? Ma'aikatar da ta yi kuskuren lissafi har ninki biyar ba ta san karnukan da ke ƙasar ba, kuma dalilin a fili yake: tun ƙarshen shekarun 1980 aka soke lasisin kare a Ingila, lokacin kuɗinsa fenni 37 ne, bai ko isa biyan masu karɓarsa ba. Ireland ta Arewa ta riƙe nata har yau. Tun 2016 wajibi ne a sa wa kowane kare 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, amma na'urar ba ta cewa ko mai karen ya san yadda ake riƙe shi.

Sauran ƙasashe sun gwada sun janye. Holan ta haramta Pit Bull a 1993, ta soke haramcin a 2008 da ta ga cizo bai ragu ba. Italiya ta yi dogon jerin sunaye a 2003, ta yar da shi a 2009 ta mai da nauyin kan mai kare. Ba na cewa ki tashi gobe ki cire wa karnuka 55,000 takunkumi. Wanda ya riga ya shiga rajista ya zauna a ciki. Roƙona shi ne kada ki ƙara suna na shida a jerin nan ki ce kin yi aiki.

Ina tuna miki da takardar manufofin jam'iyyar Labour ta zaɓen 2024. A ciki kun rubuta cewa za ku kawo ƙarshen gidajen da ake kiwon kwikwiyoyi kamar masana'anta, da kuma fasa-ƙwaurinsu. To ga inda alkawarin ya haɗu da maganata. A dokar lasisin kiwon dabbobi ta 2018, wanda karnukansa suka yi haihuwa uku ko fiye a shekara ko yake sana'ar sayarwa shi ake nema da lasisi, amma wa ke bin mutumin da ke haɗa uwa da ɗanta a gareji don ya sami kare mai ƙaton kai, ya yanke masa kunne duk da dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta hana, ya tallata shi a Instagram? Daga irin waɗannan wuraren karnukan da ke kisa suke fitowa. Kansiloli ba su da ma'aikatan da za su bi su. 'Yan sanda kuwa, shugabanninsu sun faɗa a farkon 2025 cewa kuɗin ajiye karnukan da aka kama da na likitocinsu zai iya kai fam miliyan 25 zuwa Afrilu 2025. Da an kashe ko rabin wannan a kan masu binciken gidajen kiwo, da an rage aikin tun daga tushe.

Akwai maganar masu raba wasiƙu da karnuka ke kai wa hari sama da sau 2,000 a shekara, kuma ba XL Bully kaɗai ke cizonsu ba. Akwai ta asibitoci da ba sa rubuta bayanan cizo iri ɗaya. Waɗannan na bar su zuwa wani lokaci.

Abin da nake nema a wurinki bai fi ƙarfin ofishinki ba. A dawo da lasisi, a ɗaure shi da nauyin kare da ƙarfinsa, kowane iri ne, ta yadda wanda zai ajiye babban kare sai ya nuna ya sami horo, yana da inshora, kuma ba a taɓa kama shi da laifin cin zalin dabba ko na tashin hankali ba. A ba kansiloli iko da kuɗin shiga tsakani tun ranar da maƙwabci ya fara kai ƙara. Sannan ki fito gaban majalisa da alƙaluma ki gaya mana, tun daga Fabrairu 2024 zuwa yau, mutum nawa kare ya kwantar a asibiti, nawa ya kashe, wane irin kare ne, a titi ne ko a cikin gida, kuma nawa daga cikin karnukan ke da takardar izinin ma'aikatarki. In alƙaluman sun nuna haramcin ya yi aiki, ki buga su kowa ya gani.

Ina jiran amsarki.

Naki,
Wani uba mazaunin Ingila