A Naɗi Labarin Tsofaffin Masu Sana'a

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan yadda karofin Ƙofar Mata da ke Kano ke komawa kufai. Sai dai kun tsaya cikin birni, alhali Kura ta shahara da rinin turkudi, Dawakin Tofa kuma da ginin tukwane.

Ilimin nan a ka yake. Tsohon marini da ido yake auna baba da toka da katsi, kuma in ya rasu, shi ke nan, ya tafi da abinsa.

Ina ba gidajen rediyon Kano shawara su riƙa zama da masu sana'a a dandalin ƙauyukansu, dattawa na ba da labari, matasa na tambaya, a naɗa, a ajiye kwafi a gidan tarihi na Gidan Makama.

Naku,
Wani makaranci daga Kano