A ba mu tarihin Awujale akanta

Ya mai girma Edita,

Rahotannin rasuwar Awujale, wato sarkin Ijebu a ƙasar Yarbawa, Oba Sikiru Adetona, a Yulin 2025 sun fi karkata ga taƙaddamar binne shi bisa tsarin Musulunci. Sana'arsa kuwa an tsallake ta, abin ya dame ni.

Ɗan gidan sarautar Anikinaiya ne, amma bai jingina da gado ba. Ya yi aiki a sashen binciken kuɗi na gwamnatin Jihar Yamma a Ibadan, yana karatun akanta a Ingila aka kira shi sarauta a 1960. Ya shekara 65 bisa karaga.

Ina roƙon ku buga cikakken tarihinsa da Hausa, domin 'ya'yan sarakunanmu masu zaman jiran gado su karanta.

Naku,
Wani mai karatu