Na sami masu saurarena a waya, Yayana ya ce na tona asirin Umma

Assalamu alaikum Anti. Ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki. Don Allah a sakaya sunana.

Ni matar aure ce, shekaruna 38, 'ya'yana huɗu. Shekara uku ke nan mahaifiyata tana hannuna. Abin ya faro ne da mantuwar da kowa ya ɗauka ta tsufa ce, ta ajiye abu ta neme shi ta rasa, ta yi tambaya ɗaya sau biyar. Sai da ta ɓace a hanyar da ta yi shekaru tana bi sannan muka kai ta asibiti. Likita ya ce cutar Alzheimer ce, ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa sannu a hankali, ba a warkewa, sai dai a rage mata wahala. Mu biyar ta haifa, ni kaɗai ce mace, don haka ba a ma tsaya shawara ba aka kawo ta wurina.

Anti, wanka da wanki da ba ta abinci a baki ba su dame ni ba, uwata ce. Abin da ya karya mini zuciya shi ne ranar da ta ƙura mini ido ta ce, "Baiwar Allah, ina 'yata ta shiga?" Daga la'asar zuwa dare kuwa ba a magana. Takan ɗaure kayanta ta ce gida za ta tafi, ta ce na sace mata kuɗi, ta yi ta jijjiga ƙofa har ƙarfe biyu. In na kira 'yan'uwana na fara faɗa, amsar ɗaya ce: ki yi haƙuri, lada kike samu. Na san gaskiya ne. Amma da zarar an faɗa maka haka an rufe maka baki ke nan, sai ka haɗiye sauran.

A layin ganin likita na haɗu da wata mata mai jinyar mahaifinta, ita ta sa ni a wani zauren WhatsApp na masu jinyar iyaye. Mu kusan sittin ne, daga ƙasashe daban-daban. Na yi wata guda ina karantawa ban ce uffan ba. Wani dare Umma ta watsa mini ruwa a jiki, na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa ko ɗan cikina ba. Ta yi tsuru tana kallona kamar ƙaramar yarinya. Na shige banɗaki, na naɗi muryata ina kuka, na tura. Kafin in wanke fuska mutum huɗu sun amsa. Ta farkon ta ce, "Ni ma na yi, kuma har yau ina son babana." Wallahi a daren na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

A wurinsu na gane cewa rikicewar yamma sananniyar alama ce ta cutar, ba ni take yi wa da gayya ba. Su suka koya mini in kunna fitilu tun duhu bai shigo ba, in daina musu da ita, in ta ce an sace kuɗinta in ce ta zo mu duba tare. A can na ji cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke da ciwon mantuwa irin wannan, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari Alzheimer ce. Da ina ganin gidanmu kaɗai aka jarraba.

To, ga inda gizo ke saƙar. A zauren WhatsApp kowa yana ganin lambar kowa, kuma babu abin da zai hana mutum tura saƙonka wani wuri. Ashe akwai wadda ta san matar Yayana. Muryar nan tawa ta wancan dare ta zaga har ta iso kunnen Yaya. Ya kira ni ransa a ɓace, ya ce na tona asirin uwarmu a idon duniya, na nuna kamar sun yar da ita. Maigidana bai yi faɗa ba, amma maganarsa ta fi ta Yaya ciwo. Cewa ya yi, "Ina kwance kusa da ke, sai ki kai kukanki wurin mutanen da ba ki taɓa gani ba?"

Ba zan ce ba su da gaskiya ba. Umma mace ce mai kunya da kawaici, ko ciwon kai ba ta son maƙwabta su ji. Yanzu ba ta da hankalin da zan nemi izininta, ga shi na ba da labarin abubuwan da in da tana cikin hayyacinta ba za ta so ko 'ya'yanta maza su sani ba. Wannan yana cin raina ƙwarai. Kuma zauren ma yana da nasa nauyin. Duk wadda tsohuwarta ta rasu sai in kwana biyu ina lissafin tawa. Akwai wanda ya turo sunan wani maganin barci ya ce a ba su, ban ba ta ba, amma na san wasu za su iya gwadawa ba tare da likita ya sani ba.

Yau kwana tara da na fita daga zauren. Tun daga ranar na koma yadda nake da: ba na jin daɗin abinci, hawaye na zuba ba dalili, 'ya'yana na yi mini magana hankalina na wani wuri. Wata ma'aikaciyar jinya a cikinsu ta taɓa cewa in irin wannan ya wuce sati biyu yana damun mutum kusan kullum, to ya ga likita, don yana iya zama ciwon damuwa. Ni kam rabona da jin daidai tun bara.

Anti, shin cin amanar Umma na yi? In na koma, ina ne iyakar abin da ya dace in faɗa, tunda ciwon nata ne amma gajiyar tawa ce? Maigidana kuma ina son in buɗe masa cikina, sai dai ina tsoron ya ga kamar na gaji da uwata, ko shi ya ji ta zame masa kaya a gidansa. Ta ina zan fara? Sannan ki taimake ni da kalaman da zan tunkari Yaya da su ba tare da na yi masa rashin kunya ba, domin abin da nake so a wurinsu bai wuce ɗaya daga cikinsu ya riƙa kwana da ita ko sau ɗaya a mako ba, in samu in runtsa.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Taki,
Mai jinyar uwa